Tsadar wuraren wasan yara na neman raba talaka da yawon Sallah

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu wuraren shaƙatawa da hukumomin da ke ba su izinin aiki game da yadda kai yara wajen lilo, wanda a da magidanci ke iya yi da ɗan canjin da ya rage bayan ɗinkin Sallah, yake neman zama abin masu hannu da shuni kaɗai.

A Ƙaramar Sallar da ta wuce na kai 'ya'yana huɗu da 'yar ƙanena wani wurin wasa a nan Kano. Kuɗin shiga bai tayar mini da hankali ba, sai da muka shiga na gane cewa abin da na biya a ƙofa kuɗin kallo ne kawai. Kowane lilo da tikitinsa, motocin karo da nasu, ƙaramin jirgin ƙasa da nasa, kuma kafin yaro ya gama gyara zama an ce lokaci ya cika. An hana shiga da ruwa ko abinci daga waje, na ciki kuwa farashinsa ya ninka na bakin titi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani bawan Allah da na gani tsaye da yara uku yana lissafi da yatsu, daga ƙarshe ya ce wa babban ya haƙura ƙannensa su hau. Yaron bai yi kuka ba, ya riƙe musu takalma yana kallo, uban kuma ya kawar da kai.

Ba zan ɗora wa masu waɗannan wurare laifin duka ba. Injinansu da janareta suke tafiya, man dizal ya yi tsada, kayan gyara da dala ake sayo su daga waje, kuma cinikin kirki ba ya wuce kwanakin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Kirsimeti. Amma shi ma magidanci yana da nasa nauyin, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa kaɗai ya isa ya sa mutum ya fasa fita, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ya kai iyali ƙarshen wata, balle ya bar rarar lilo.

Wannan tsari na biyan kuɗi a kan kowane lilo an daɗe da gwada shi a Amurka. Lokacin da aka buɗe Disneyland, wani babban wurin wasa na kamfanin Disney, a Kalifoniya a 1955, dala ɗaya ake biya a ƙofa sannan a sayi tikitin kowane abin hawa daban, har zuwa 1982 da kamfanin ya soke tsarin ya koma tikiti guda wanda ya haɗa komai. Ban kawo wannan misali don in yabi farashinsu ba, domin shiga Disney World, wani wurin wasan kamfanin da ke Fulorida, dala uku da rabi ne a 1971, amma a 2015 tikitin yini ɗaya ya haura dala 100, kuma a 2021 suka mayar da tsarin tsallake layi, wanda a da kyauta ne, na kuɗi. Abin koyi a wurinsu guda ɗaya ne: uba ya san abin da zai kashe tun yana gida, ba sai ya zo gaban 'ya'yansa aljihu ya kunyata shi ba.

Saboda haka ina kira ga masu wuraren nan da su fitar da tikitin iyali wanda zai haɗa shiga da hawa, su kafa allon farashi a waje inda kowa zai gani kafin ya biya, su kuma bar mutane su shiga da ruwan sha. Idan suka ware ranakun rangwame a lokacin hutun makaranta, injinan da ke zaune babu aiki watanni da dama za su kawo musu wani abu. Gwamnatocin jihohi kuma su waiwayi wuraren da aka gina don jama'a tun farko, irin su gidan zu da marigayi Audu Bako ya samar a Kano da filin Gamji na Kaduna, su zuba musu lilo masu inganci a farashin da leburan kasuwa zai iya biya wa yara biyar ba tare da ya zaɓi wanda zai haƙura ba.

Naku,
Wani magidanci daga Kano