Godiya ga shagon gyaran injuna na Sabon Gari da ya tayar mini da injin busar da kaya

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Baba mai shagon naɗin kwayil da gyaran kayan lantarki a Sabon Garin Zariya, da yaran shagonsa su huɗu.

Baba, kun hana ni ambaton sunanku, kun ce aikin da ke gabanku ma ya ishe ku, ba kwa neman ƙarin cinkoso a ƙofar shago. Na ji, na bi. Amma godiya ba ku hana ni ba, shi ya sa na rubuto ta a fili. Duk wanda ya taɓa kai fanka ko injin ban-ruwa gyara a wancan layin ya san wanda nake nufi.

Bari in fara da amsa tambayar da kowa ke yi mini, har da uwargida: a garin da Allah Ya ba mu rana kyauta, me mutum zai yi da injin busar da tufafi, balle har guda uku, kuma duk tsofaffi? Na farkon gado ne. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, kuku ne a gidan wani Bature malami a Samaru, cikin Turawan da suka cika gidajen ma'aikata bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Matar Baturen tana tsoron ƙudan nan da ke yin ƙwai a jikin kayan da aka shanya, tsutsar ta huda fatar yaro ta zauna kamar maruru. Guga mai zafi tana kashe ƙwan, amma ita hankalinta bai kwanta ba sai da aka ɗauko mata inji daga Ingila. Da za su koma gida sai suka bar wa mahaifina shi. Gidanmu a lokacin ko wuta babu. Injin ya shekara arba'in da ɗoriya a lungun zaure, an mai da shi teburin ajiye fitila da buta. Sauran biyun ni na nemo su bayan na yi ritaya daga koyarwa: ƙaramin Creda mai matse ruwa, da wani da na ƙwato a hannun 'yan gwangwan ana shirin ɗora shi a sikeli.

Kafin in zo wajenku na sha wuya a wani wuri, ba sai na faɗi inda ne ba. Wata bakwai injin mahaifina yana can. Kullum "dawo jibi". Ranar da na ɗauko abina, an ɓatar da marfin da ake murɗawa a saita lokaci, an kuma ba ni shawarar a cire motar lantarkin da ke juya gangar injin a sayar da jan ƙarfenta, a mai da gangar kejin kaji. Haka na ɗora shi a a-kori-kura raina a ɓace, na nufo Sabon Gari ba tare da wani dogon fata ba.

Abin da ya fara saye zuciyata shi ne ba ku yi dariya ba. Yaranku sun ɗan murmusa, ban ga laifinsu ba. Ku kuwa tsugunawa kuka yi, kuka goge ƙaramin farantin da ke bayan injin da babban yatsa har rubutun ya fito, kuka karanta: English Electric. Sai kuka ɗago kuka ce da ni, "Malam, ai masu wannan su ne suka ƙera wa reluwe kawunan jirgi na dizal." Gaskiyarku. Kamfanin ya kawo wa Najeriya irin waɗannan kawuna a 1955, kuma a 1968 kamfanin GEC ya haɗiye shi. Daga nan kuka kwance filogi kuka nuna wa yaran wayoyi uku, ja da baƙa da koriya. Kuka ce musu su duba da kyau, wannan tsohon launin Ingila ne, wajen 1970 aka sauya shi zuwa ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya, saboda haka injin ya girmi iyayen wasunsu. Ni da na shekara talatin da biyar a aji, ban taɓa ganin darasin da ya shiga kan yara da sauri haka ba.

Ranar da aka buɗe bayansa ina wurin. Zanzaro ya gina gidaje ya toshe bututun fitar da iska. Ɓera ya yi sheƙa a kusa da wayar zafi da tsummoki da ɓawon gyaɗa. Ƙarƙashin gangar kuma akwai burbushin zaren tufafi da ya dunƙule kamar abawa, ya yi toka-toka, tun na kayan 'ya'yan Baturen. Kuka ɗebo shi a tafin hannu, kuka fita bakin kwata, kuka ƙyasta masa ashana. Kafin in ƙifta ido ya cinye. Kuka ce, "Ka gani? Wannan ne ke ƙona gida, ba injin ba." Tun daga ranar ban taɓa kunna shi ba tare da na share matatar da ke tare burbushin zaren ba.

Aikin motar shi ne wanda har yau nake ba mutane labari. Kwayil ya ƙone, kuma hanya mai sauƙi ita ce a nemo wata mota ta zamani a ƙaƙaba, a huda sababbin ramuka. Kun faɗa mini hakan zai fi arha, kun kuma faɗa mini cewa idan aka yi haka ba injin mahaifina zan mayar gida ba. Kuka bar mini zaɓi. Da na zaɓi naɗi, sai babban yaronku ya zauna yana warware tsohuwar wayar zagaye bayan zagaye, yana ƙirgawa, yana rubutawa a bayan kwalin sabulu. Wani ya yi masa magana a tsakiya lissafin ya kuɓuce masa, bai yi ƙiyasi ba, ya koma kan naɗin da ke kusa ya sake daga farko. An auna kaurin wayar, an nemo irinta, an naɗa, an shafa banish, an gasa. Notinan ma sun ba da wahala, domin awon inci ne irin na Ingila ta da, sifanun yanzu ba sa kama su. Sai kuka jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin benci, kuka fito da sifanu da suka yi baƙi don tsufa, kowanne ya zauna daram a kan notinsa.

Sauran gyaran ba sai na ja shi ba: an sauya boris da bel, an sa sabuwar wayar zafi ta nikrom, an kankare tsatsa, an yi fenti ruwan madara irin na asali. Na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa, wadda ƙarafa biyu ne aka manne, zafi ya sa su lanƙwashe, ita gogewa kawai ta buƙata. Amma kun ƙi sakin injin sai da kuka haɗa wayar ƙasa, wadda kuke kira at, kuka kuma aiko yaro har gida ya duba soket ɗina. Ya tarar ba a haɗa ta ba tun ginin gidan. Wannan ba ya cikin cinikinmu, kuma ba a karɓi ko sisi a kansa ba.

Marfin da aka ɓatar fa? Wannan dabarar autan shagon ce. Ya ɗauki ɗan'uwan marfin da ya rage a jikin injin, ya kai wa masu zubin tukwanen dalma, suka danna shi a yashi suka fitar da siffa, suka zuba. Ya dawo ya kwana biyu yana goga da fayil. In ba an faɗa wa mutum ba, sai ya taɓa ya ji sanyin ƙarfe zai gane ba na asali ba ne. Yaron nan a riƙe shi da kyau, Baba.

Lokacin da nake zaman jira na ba yaran labarin asalin abin, suka yi ta mamaki. Wani baƙar fatan Amurka, George T. Sampson, ya yi rajistar wata dabarar busar da kaya da zafin murhu a 1892. Mai ganga da ke juyawa da lantarki kuwa, wani mutumin Dakota ta Arewa ne, J. Ross Moore, ya ƙirƙiro shi saboda ya gaji da shanya a cikin sanyin da ke daskarar da riga a kan igiya, kamfanin Hamilton ya fara sayar da shi a 1938. Ɗaya daga cikin yaran ya ce to su sanyi ya kora, mu me ya kore mu? Kuka ce masa ya bari marka ta zo.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma zan faɗe shi tunda wasiƙar tawa ce: wayarku ba a ɗauka. Sau nawa ina hawa mota daga Samaru, in bi ta Kwangila cikin cunkoso, don tambayar da minti ɗaya ya ishe ta. A ba ɗaya daga cikin yaran wayar mana.

Mako shida aka yi. Ranar karɓa aka miƙo mini takarda, kowane abu da kuɗinsa a gabansa, da leda ɗauke da duk abin da aka cire: tsohon bel, boris, har ƙonanniyar wayar kwayil, wadda kowa ya san kuɗi ce a wajen 'yan gwangwan. Kun kuma gargaɗe ni cewa injin yana jan wuta fiye da wat 2000, kada in kuskura in ɗora wa ƙaramin janareta, in jira wutar nepa mai ƙarfi.

Marka kuwa ta zo. Cikin Agusta 'yata ta haihu, ta dawo gida wankan jego, aka kwana huɗu rana ba ta leƙo ba. Igiyoyi sun cika ɗaki da tsakar gida, kayan jariri sun fara warin danshi. Da aka kawo wuta wajen ƙarfe goma na dare, uwargida, wadda ta fi kowa yi mini tsiya a kan "tarkacen Malam", ita ce ta ɗebo zannuwan goyo da 'yan riguna ta tsaya a kaina ta ce, "To, tashi ka kunna mana abin naka." Na murɗa marfin dalmar nan, ganga ta fara juyawa da wani gunji a hankali wanda rabona da jin sa tun ina yaro ina leƙen kicin ɗin Bature ta taga. Da aka buɗe, ta ɗauki zani ɗaya mai ɗumi ta kara a kumatunta, ba ta ce komai ba, ta wuce ɗakin mai jego da shi.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya yi wa yaran albarka. Ƙaramin Creda ɗin yana nan, yana girgiza kamar zai tashi sama idan ya ɗauki gudu, ina zargin robobin ƙafafun motarsa ne suka mutu. In Allah Ya kai mu Asabar zan kawo shi da hantsi.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Samaru, Zariya.