Anti, makarantar zane ta ɗauke ni, amma Baba ne zai ɗauki bashin

Assalamu alaikum Anti,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aiki. Daga Bronx nake rubuto miki, a birnin New York na Amurka. Mama ce ta saba mini da shirinki, don a waya take kunna shi tana girki. Don Allah ki sakaya sunana.

Shekarata 20. A Damagaram aka haife ni, aka kawo mu nan ina 'yar shekara 11. Baba tasi yake tuƙawa, galibi da dare, Mama kuma tana kula da tsofaffi a gidajensu. Ni ce babba, ƙannena uku. Tun ina sakandare nake yi wa amaren unguwarmu lalle, kuma ban taɓa kwaikwayon zanen wata ba, daga kaina nake fitar da shi.

Da na gama sakandare, Baba ya so in karanci aikin jinya kamar sauran 'yan matan unguwa. Ban ga laifinsa ba, aiki ne da ba a rasa shi. Bayan doguwar magana ya amince in yi shekara biyu ina karatun zane da tsara fasali a kwalejin al'umma, in ya so a ga abin da hali zai yi. Irin waɗannan kwalejoji a nan suna ƙarƙashin CUNY, jami'ar birnin, kuma mazaunin birni dala 4,800 yake biya a shekara. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda ke kaiwa dala 7,395 ga mai ƙaramin ƙarfi, da na jiha da ake kira TAP, su suka ɗauke mini komai. Ko sisi Baba bai fitar ba. Kuɗin fenti da takarda kuwa daga lalle nake samu.

Anti, shekarun nan biyu sun canza ni. Na shiga ina ganin na iya, ashe hannu kawai nake da shi, ido bai buɗe ba. A zangon farko malaminmu yakan tara kujeru a tsakiyar ɗaki, ya ɗora wata kan wata, ya ce kada mu zana kujerun, mu zana sararin da ke tsakaninsu. Awa uku muna tsaye da gawayi, ga baƙi har gwiwar hannu, gefen mayafina ma bai tsira ba. A ajin launi kuma sai da muka yi makonni muna haɗa ruwan toka ba tare da mun taɓa baƙin fenti ba, daga ja da kore, daga shuɗi da ruwan lemo. Daga baya na koyi yadda ake tsara zanen atamfa a kwamfuta, yadda fure ɗaya zai maimaitu a yadi shida ba a gane inda aka haɗa ba. A nan zuciyata ta tsaya. Aikina na ƙarshe daga adon bangon tsofaffin gidajen unguwar Birni ta Damagaram na ɗauko shi, daga hotunan da kawuna ya turo mini, na gauraya da aska takwas ta babbar riga.

Akwai wata rana da makarantun zane na ƙasar ke turo wakilansu wuri guda, ɗalibi ya kai kundin ayyukansa a duba masa kyauta. Na ɗauki nawa na shiga jirgin ƙasa da shi, faɗinsa ya kusa tare ƙofa. Wata wakiliya ta yi ta wuce zanen kwalabe da kujeru da sauri, da ta zo kan na bangon nan sai ta tsaya, ta cire tabarau, ta tambaye ni inda na samo shi. Ita ta ce in nemi gurbi a makarantarsu. Na nema, kuma sun ɗauke ni. Makaranta ce mai zaman kanta, mai suna, irin wadda ake ambata tare da su Pratt da Parsons.

Murna ba ta daɗe ba. A kwaleji na kammala kiredit 60, wato rabin abin da ake buƙata a digiri, na ɗauka shekara biyu ta rage mini. Da takardar tantancewa ta zo, sun karɓi Turanci da lissafi da tarihin zane gaba ɗaya, amma darussan aikin hannu wasu kawai suka ƙirga, suka ce sauran ba su yi daidai da tsarinsu ba. A aji biyu za su sa ni, shekara uku ke nan a gaba. Kuɗin makarantar ya haura dala 55,000 a shekara. Sun yafe mini kusan rabi, Pell da TAP za su rage wani abu, duk da haka kimanin dala 20,000 za ta rage a kanmu kowace shekara. Bashin gwamnati da zan iya ci da sunana bai wuce 6,500 a aji biyu ba, sai 7,500 a kowace shekarar da ta biyo. Ragowar kuma wani bashi ne da iyaye ke sa wa hannu, da sunansu, kuma kuɗin ruwansa ya fi na wanda zan ci da sunana, yana fara hawa tun ranar da aka fitar da kuɗin.

Abin da ya sa na rubuto miki ke nan. Na zata Baba zai ce a'a, magana ta ƙare. Sai ga shi mutumin da ya so in yi jinya shi ne ya ɗauki takardar ɗaukar nan ya sa a aljihun gaban mota, yana nuna wa abokansa a masallaci. Ya ce zai sa hannu. Ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ya ce ginin da yake yi a gida zai iya jira, aikin Hajjin da suke tari shi da Mama ma zai iya jira. Mama kuwa ta ce ba da yawunta ba, kuɗin ruwa haramun ne, kuma ba za ta zuba ido mutum mai shekara 54, mai ciwon baya, ya ɗaura wa kansa abin da zai kai shi tsufa yana biya ba. Yau kwanaki ke nan maganar kirki ba ta haɗa su, kuma a kaina ne.

Wani abin da ya fi damuna, a gidanmu ni ce mai karanta takardu. Ta asibiti, ta haya, ta haraji, duk ni nake fassara musu. Baba bai san abin da ke cikin takardar bashin nan ba sai abin da na faɗa masa. In na sassauta bayani zai sa hannu yana murmushi. In na zauna na lissafa masa abin da zai riƙa biya duk wata, da shekarun da zai ɗauka, na san jikinsa zai yi sanyi, kuma zai ji kamar ya gaza a matsayinsa na uba. Gaskiya zan faɗa masa, wannan ba na shakka. Yadda zan faɗe ta ba tare da na karya masa zuciya ba ne ban sani ba.

Akwai wata hanyar. Zan iya wucewa ɗaya daga cikin kwalejojin CUNY masu shekara huɗu, kamar City College ko Queens, inda kuɗin shekara dala 6,930 ne, kuma da yake gida ɗaya ne da kwalejina, yawancin abin da na karanta zai bi ni. Akwai kuma FIT, makarantar jiha ce a Manhattan, tana da sashen zanen yadi, kuɗinta ma bai kama ƙafar na masu zaman kansu ba. Malamata ta ce a wannan sana'a kundin aiki ake fara dubawa kafin sunan makaranta. Na yarda da ita. Amma na shiga ɗakunan aikin waccan makarantar, na ga teburan buga yadi da injinan saƙa, na ga waɗanda ke koyarwa mutane ne da ke cikin sana'ar, su ne ke haɗa ɗalibi da masu ɗaukar aiki. Ni ba ni da kowa a wannan fanni. A unguwarmu in ka ce jinya, mutum goma za su nuna maka hanya, in ka ce zanen yadi sai a tambaye ka ko ɗinki kake nufi.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ko Mama ban iya yi da ita ba. A makarantun zane akwai ajin da mutum ke tsayawa tsirara ɗalibai na zana shi. A kwalejina na je na yi wa malamin bayani, ya fahimta, ya bar ni na zana masu tufafi da hannaye da ƙwarangwal. A sabuwar makarantar darasin yana cikin na dole, kuma har yanzu ban samu amsa a kan ko za su yi mini irin wannan sassauci ba. Baba bai san da wannan ba, kuma ina ganin haƙƙinsa ne ya sani kafin ya sa hannu a komai.

Anti, ki duba mini. Ya halatta in karɓi wannan sadaukarwa daga Baba alhali ga ƙannena uku na tafe, kowa da nasa karatun? In kuma na ƙi, yaya zan yi ya gane ba raina ƙoƙarinsa na yi ba? Shin in nemi wani babba, kamar limaminmu ko aminin Baba, ya zauna da mu, ko hakan tona asirin gida ne? Makarantar ta ba ni zuwa ƙarshen wata mai zuwa in biya kuɗin riƙe gurbi. Ina yin istihara, amma ina buƙatar jin ta bakin babba wadda ba ta cikin rigimar.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

'Yarki,
daga Bronx, New York