Kafin a tafi koyarwar sa-kai a makarantar mishan

Ranka ya daɗe Edita,

Ina jan hankalin malamai masu sha'awar koyarwar sa-kai a makarantun 'ya'yan mishan na ƙetare. Ɗauki Rift Valley Academy da ke Kijabe, Kenya, wadda aka kafa a 1906. Ba albashi, malami ne zai nemo majami'u da 'yan'uwa su ɗauki nauyinsa wata-wata. Nan aka fi tuntuɓe, don alkawari daban, cikawa daban. Shiga a matsayin ɗan yawon buɗe ido bai halatta koyarwa ba, sai da izinin aiki, shi kuwa a nema tun da wuri. Manhajar Amurka ake bi. Wurin kan tudu yake, sama da mita 2,000, sai da rigar sanyi mai kauri.

Wani mai karatu, Jos