Ƙorafi kan "scrape through" da yaranmu ke ɗauka a baibai

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya ya aiki.

Ni malamin Turanci ne a wata sakandare, abin da ya sa na rubuto kuwa, satin da ya wuce wani ɗalibina da ya ci A1 a lissafi a WAEC ya turo min saƙo yana murna wai "Sir, I scrapped through". Wallahi sai da raina ya sosu, don yaron ya yi ƙoƙari sosai amma da bakinsa ya rage wa kansa daraja bai sani ba. Shi a tunaninsa tunda scrape kankarewa ce, to ya kankare jarabawar tas kenan kamar yadda ake kankare ƙanzo a gindin tukunya.

Ba haka ba ne. Scrape through na nufin ka wuce da ƙyar da jiɓin goshi. Ku ɗauka direba ne ya shigo lungu mai matsi cikin gari, gefen motar na gugar katanga, fenti na zuba, amma dai ya fita. To wannan shi ne. Wanda ya samu C6 a Turanci, wato kiredit na ƙarshe wanda maki kaɗan ya raba shi da D7, shi ne zai ce he scraped through, ba mai A1 ba. Haka ƙungiyar ƙwallo da ta haye zagaye na gaba da bugun fenareti.

Sannan p ɗaya ce, scraped. In ka sa biyu ka koma scrap, wato sokewa ko watsar da abu, kuma wannan kuskuren har manya na gani suna yi a Facebook.

Akwai ɗan'uwansa scrape by, shi kuma na zaman yau da gobe ne, irin ma'aikacin da albashi ke ƙarewa tun ran 15 ga wata yana ta lallaɓawa da bashin mai shago har a sake biya.

Roƙona Malam Edita, ku ware mana ɗan fili ko sau ɗaya a sati a riƙa fassara irin waɗannan kalmomi da Hausa, don yara da yawa ƙamus ba su da shi amma jaridarku suna karantawa a waya.

Naku,
Wani malamin Turanci, Zariya