Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jigawa kan masu amosanin gaɓɓai da damuwar da ke cin su

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wasu bayin Allah da muryarsu ba ta kaiwa Dutse, yawancinsu matan ƙauye ne masu fama da amosanin gaɓɓai irin wanda likitoci ke kira rumatoyid. Kuma roƙon nawa ya wuce maganar gaɓɓai, har da abin da ciwon ke yi wa zuciyarsu, dan wallahi wannan ɓangaren babu mai tambaya, daga gida har asibiti.

Kai ka san ciwon fiye da ni, amma saboda masu karantawa bari in ɗan faɗa. Wannan daban yake da ciwon gwiwar da ke zuwa da tsufa, garkuwar jikin mutum ce da kanta take juyowa ta afka wa gaɓɓansa, ta fara da yatsu da wuyan hannu da ƙafa, hagu da dama lokaci guda, su kumbura su ɗau zafi, da safe kuma mutum ya tashi a sandare sai ya fi awa kafin hannu ya saku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke da shi, kuma wajen kashi 70 cikin 100 mata ne. Ba ya jiran tsufa, mace tana goyo ma yana kama ta.

Yayata da nake bi ita ce mai kitson ƙauyenmu a ƙasar Ringim, tana kuma yin ƙuli-ƙuli, da sana'arta ta yi wa 'yarta ta fari kayan ɗaki. Yanzu in hunturu ya shigo buta ma ba ta iya riƙewa da yatsu, sai dai ta matse ta tsakanin wuyan hannayenta biyu ta karkata, muciya kam ta ajiye ta tuntuni, zani ma wata ran 'yar autarta ce ke ɗaura mata. Wannan kowa yana gani yana cewa sannu. Abin da ba a cewa sannu a kai shi ne ta daina zuwa suna da biki, ta daina fitowa tsakar gida, abinci sai an yi da gaske, barci ya ƙaurace mata, macen da a da in tana kitso sai an ji dariyarta daga bayan katanga. Ranar da ta ce min ita ta zama kaya a gidan, da ma Allah ya ɗau ranta kowa ya huta, jikina sai da ya yi sanyi.

To me mutane suka ce? Wasu suka ce raki ne, wasu suka ce jifa ne a nemi mai magani, wanda ya fi min ciwo shi ne masu cewa rashin tawakkali ne. Matar da ke lallaɓawa ta yi sallarta a zaune cikin wannan azabar ba ta taɓa bari lokaci ya wuce ba, ita za a ce wa ba ta da tawakkali? Ciwon damuwa cuta ce ranka ya daɗe, tana da magani, kuma addininmu bai hana neman magani ba. A 2013 masana sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban suka gano kusan mutum 1 cikin 6 na masu wannan amosanin yana da ciwon damuwa mai tsanani. Abin kuma yana cin juna ne, raɗaɗi da rashin barci da rashin sana'a su kawo damuwa, damuwar ta ƙara wa mutum jin raɗaɗin, ta sa ya watsar da magani ya daina komawa asibiti, ciwon ya ƙara cin gaɓɓan.

Ga kuma maganar kemis. Tunda likitan da ya karanci wannan fannin sai an yi tafiya mai nisa, ga kuɗin mota ga na gwaji, talaka sai ya faɗa kemis a ƙulla masa haɗi a leda, diklofenak da deksa ko firednisolon, wani har da tiramadol. Ranar farko mutum zai ji garau har ya shiga gona, sai ya maida shi abin kullum, daga nan fuska ta kumbura, gyambon ciki, hawan jini, ciwon suga, ƙoda ta taɓu, shi deksan ma da kansa yana hana barci yana birkita yanayin mutum. Alhali akwai magungunan da ke tare ciwon tun daga tushe, irin su metotirekset da ake sha sau ɗaya a sati tare da folik asid, sai dai shi yana son a riƙa gwajin jini ana duba hanta kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta sha, dan haka dole sai da likita a kusa. In an fara da wuri yatsun ma ba lallai su karkace ba, amma namu sai sun karkace ake kai su.

Lokacin da muka samu muka kai yayata wani asibiti an duba hannu, an ɗau jini, an rubuta magani, Allah ya saka musu. Amma babu wanda ya ɗago ya ce baiwar Allah ya barci, ya cin abinci, me ke ranki. Ban ga laifinsu sosai ba dan layin da ke waje ya isa, sai dai wannan tambayar ita nake roƙon ka mayar dole a asibitocinmu. Akwai 'yar takarda mai tambayoyi 9 kacal, PHQ-9, da ake gane ciwon damuwa da ita cikin 'yan mintuna, akwai kuma shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka tsara musamman dan koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin wannan da kula da shi ba sai an samu likitan ƙwaƙwalwa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ita ma ta ba ka madogara. Na san muna da asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, amma ka san halin mutanenmu, macen ƙauye ta gwammace ta mutu a ɗaki da a ce an kai ta can, dan har 'ya'yanta sai an goranta musu ranar neman aure. In a asibitin mazaɓarta ne, wurin ma'aikaciyar da ta saba yi mata awo, za ta buɗe baki.

Sannan dan Allah a duba yiwuwar likitan gaɓɓai ya riƙa zagayowa manyan asibitocin Haɗejia, Gumel, Ringim da sauransu ko da sau ɗaya a wata ne, a kuma saka maganin da gwajin jinin cikin abin da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, JICHMA, ke biya wa marasa ƙarfi.

Abin da na ga ya ɗan dawo da yayata cikin mutane bai ci ko sisi ba. A bencin asibiti ta haɗu da wata mata daga wajen Taura mai irin ciwon, suka nuna wa juna hannu, suka karɓi lambar juna, yanzu sai su yi ta waya. Matar ce ta koya wa yayata tsoma hannu a ruwan ɗumi da asuba tana motsa yatsu a hankali, da naɗa tsumma a jikin cokali ya yi kauri ya riƙu. Yanzu takan zauna a tabarma 'yarta tana kitso ita tana gyara mata da baki. Damuwar ba ta tafi duka ba, har yanzu tana buƙatar a duba ta, amma ka ga amfanin a ware rana guda a wata a ƙaramin asibiti masu ciwon nan su haɗu su ga juna, ma'aikaci ɗaya ya zauna da su. A sa limamai da gidajen rediyo a ciki, su gaya wa mazaje da dangin miji cewa matar nan ba lalaci take ba, dan wata ana cikin jinyar za a yi mata kishiya ko a kora ta gida.

Ranar 10 ga Oktoba ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, 12 ga wata kuma ta masu amosanin gaɓɓai, kwana biyu ne tsakani. Ina roƙon kafin su zagayo a ce an fara gwada wannan ko a ƙaramar hukuma ɗaya ce cikin 27 ɗinmu, in an fara da tamu zan kawo yayata da kaina ranar farko.

Allah ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Naka,
wani ɗan Jigawa daga ƙasar Ringim