Masu sayen hannun jarin cip ta waya, ku tambayi 'yan Jibiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, don Allah ka ɗan sam mani fili a jaridar nan tamu in yi magana da samarinmu na Katsina kan wata sabuwar harka da ta shigo gari.

Ni mai gyaran waya ne, na daɗe a kan benci da ƙarfen soda a hannu, to kullum ina tare da abun nan da muke ce ma aisi, 'yan boko kuma su ce cip ko semikondakta. Ɗan baƙin abu ne bai kai farcen yaro ba amma in ya ƙone, wayar da ka saya da kuɗin gumi ta zama hoto. Tun da aka gama dangwale-dangwalen Hamster a 2024 kowa ya tashi da ciwon yatsa, sai samari suka koma manhajojin da ake sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ko da dala 10 ce, yanzu in ka zauna majalisa bayan isha'i ba ka jin komai sai sunayen kamfanonin cip, Nvidia, TSMC, AMD, kamar sunan 'yan ƙwallo.

Ɗan yayata da ke koyon aiki a shagona yana cikinsu. Watan Janairun 2025 ya kwashi kuɗin da yake tarawa na lefe ya sayi Nvidia, lokacin hannun jari ɗaya yana wajen dala 140. Nace mashi kai wannan kuɗi fa da ranarsu, yace Kawu ai duniya ta koma AI, wato ƙirƙirarriyar basira, kuma duk mai yin AI sai ya sayi cip ɗin Nvidia, ina asara za ta fito? Wallahi a nan bai yi ƙarya ba, kamfanin kam ba a cewa komai. Sai ga shi ranar 27 ga watan wani kamfanin Sin mai suna DeepSeek ya girgiza kasuwa da tashi fasahar da yace ya haɗa da arha, a wuni ɗaya Nvidia ta faɗi da kusan kashi 17 cikin 100, darajar kusan dala biliyan 600 ta bi iska. Yaro ya daure. Afrilu na kamawa Trump ya lafta ma duniya haraji, farashin ya gangaro ƙasa da dala 100, a cikin watan kuma gwamnatin Amurka ta tare cip ɗin H20 da Nvidia ta yi musamman don kasuwar Sin, kamfanin da bakinshi yace abun zai ci mashi wajen dala biliyan 5.5. Ina kallonshi yana riƙe da wayar kwastoma a buɗe, sukurori a zube kan benci, ido na kan tashi wayar da ta yi jajur. Gidan su yarinya sun matsa, dole ya sayar a ƙasa. A watan Yuli darajar Nvidia ta haye dala tiriliyan 4, shi kam yana gefe yana cizon yatsa.

Abun da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mu mutanen kan iyaka bai kamata a koya mana wannan karatu ba, mun sha shi a jikinmu. A 2019 aka rufe boda sai Disambar 2020 aka fara buɗewa, ta Jibiya kam sai Afrilun 2022. Da sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙamewa har Maris ɗin 2024. Ina da yaya da ke ɗauko albasa da wake ta hanyar Maraɗi, albasa ce mai kyau, ga masu saye suna jira da kuɗi a hannu, ba bashi ba rigima, amma motar ta maƙale ta can ɓangaren kafin ta iso Magama, bodar Jibiya, kwana da kwanaki, har ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan buhuna, ƙuda ya taru. Wa ya tambaye shi kafin a rufe? Manya suka zauna a Abuja suka yanke, shi sai a rediyo ya ji.

To cip ma haka yake, sai dai Magamarshi a teku take. Da yawan yaran nan sun ɗauka Nvidia ce ke ƙera abunta, alhali zane take yi, masu ƙerawa TSMC ne a Taiwan, kamfanin da Morris Chang ya kafa a 1987, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na cip mafi ci gaba a duniya daga hannunsu yake fitowa, har wanda ke cikin iPhone. Ita kuwa Taiwan tsibiri ce da Sin ke cewa tata ce, ba ta kuma taɓa cewa ta cire ƙarfin soja daga lissafi ba, ruwan da ya raba su kusan nisan Katsina zuwa Kano ne. Da Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka a lokacin, ta je ziyara a Agustan 2022 ai Sin zagaye tsibirin ta yi da atisayen soja har da harba makamai masu linzami. Ba sai an yi yaƙi ba ma, jiragen ruwa kawai a tare na wata biyu ka ga yadda kasuwa za ta koma. Ga girgizar ƙasa kuma, an yi babba a Afrilun 2024.

Kuma ba Taiwan kaɗai ba ce. Injin da ake ƙera cip mafi ƙanƙanta da shi kamfani ɗaya tal ke yinshi, ASML a Holan, kuma ba a bari ya sayar ma Sin da mafi ingancin. Amurka ta tsaurara takunkumin sayar ma Sin cip a Oktoban 2022, Sin ta rama a 2023 da taƙaita fitar da galiyom da jamaniyom, ma'adanan da ake aikin cip da su. Ko iskar niyon da ake aikin da ita, kaso mai tsoka daga Mariyufol da Odesa take zuwa kafin Rasha ta afka ma Yukren. Kowa da ƙofar da yake riƙe da makullinta.

Warren Buffett, dattijon attajirin Amurka da duk masu koyar da harkar nan a TikTok ke rantsuwa da shi, kamfaninshi ya sayi hannun jarin TSMC na sama da dala biliyan 4 a 2022, cikin 'yan watanni ya sayar, mutumin da aka sani da riƙe jari shekaru. Da aka tambaye shi ya yaba kamfanin sosai, yace wurin da yake zaune ne bai kwanta mashi ba. Kai da ke da dala 50 ta kuɗin adashe fa?

Ni ban ce kada kowa ya saya ba, batun halas ko haram kuma na malamai ne, ba na mai ƙarfen soda ba. Wanda ya riƙe nashi bai sayar a Afrilu ba ya ci riba, wannan gaskiya ce ko ta yi mani ɗaci. Ana ma ƙoƙarin raba ƙafa, Amurka ta ware wajen dala biliyan 52 a 2022 don a dawo da ƙera cip gida, TSMC ta buɗe masana'anta a Kumamoto ta Japan, ga ta Arizona, amma har yau zuciyar aikin tana Taiwan. Kawai kuɗin lefe, kuɗin haya, kuɗin taki, duk kuɗin da ke da rana, kada a kai su inda sa hannun shugaba ɗaya cikin dare zai iya zaftare kwatansu kafin ka idar da asuba. Kuma kada a zuba duka a cip, don mai Nvidia da AMD da TSMC gani yake ya rarraba, alhali duk mota ɗaya suka hau.

Roƙona gare ka Malam Edita, shafinku na kasuwanci ya riƙa kawo mana labarin Taiwan da takunkuman nan da Hausa yadda kuke kawo farashin masara a Dandume, don yaran nan wajen masu bidiyo kawai suke ji, su kuwa koren layi kaɗai suke nunawa. Ɗan yayar tawa dai an ɗaura aure, akwati ya ragu da ɗaya, jiya kuma na leƙa wayarshi na ga ya sake sauke manhajar.

Naka,
Wani mai gyaran waya,
Ƙofar Ƙaura, Katsina