Barka da Sallah daga gidan ƙura

Lahadi, 30 ga Maris, 2025

Assalamu alaikum Umma da Abba,

Barkanku da Sallah, barka da shan ruwa. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana ta baɗin baɗaɗa. Ina fatan ƙafar Abba ta yi sauƙi har ya samu zuwa filin Idi. Mu ma mun sauko lafiya, sai dai da magagin barci muka je, don a daren jiya aka tura agogon nan Ingila gaba da awa ɗaya. Daga yau har ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da na Kano, Umma ta huta da lissafi in za ta kira.

Na san kun sa rai za mu zo, kuma Yaya ya faɗa mini Gwaggo tana cewa Turai ta cinye ni. Ku ba ta haƙuri. Abu biyu ne suka haɗe mini a watan nan, aiki da gyaran gida, kowanne yana jan zanina.

Abba ya sha tambayata wane irin aiki ne wannan da ba ya ƙarewa, kullum sai in ce aikin kwamfuta ne. Bari yau in warware. A Ingila kowace ƙaramar hukuma tana da rajistar duk wani gida, shago, makaranta da fili da ke ƙasarta. Kowane ɗaya yana da lambarsa ta kansa, UPRN, wadda takan kai lamba 12, kuma ba a sake ba wa wani gini ita ko da an rushe na farkon. Ni da abokan aikina mu ke riƙe da rajistar garinmu. Abin da muka gyara sai mu tura wa GeoPlace, inda ake haɗa na dukkan ƙananan hukumomi, daga nan ya shiga kundin hukumar taswira ta Ordnance Survey. Sunan titi da lambar gida daga wajenmu suke fitowa, Royal Mail kuma ta ɗora lambar gidan waya.

Wahalar ita ce gari ba ya tsayawa. Yau an raba gida ɗaya zuwa gidaje uku, gobe an mayar da tsohon banki wurin cin abinci, jibi an buɗe sabon rukunin gidaje a inda da gona ce. Mai gini ba ya tuna mu sai mai saye ya kasa samun intanet ko kwandon shara. To shara da sauƙi. Masu motar asibiti da 'yan kwana-kwana su ma da waɗannan bayanan suke neman gida in an kira 999. Ranar da aka ɗauke ni aiki, matar da ta koya mini ta ce in riƙa tuna mai naƙuda a hawa na uku da tsakar dare, a ginin da rajista ta ce ƙofa ɗaya gare shi. Shi ya sa ba na iya barin takarda ta kwana a teburina da sunan gobe ma rana ce. Kuma Maris shi ne watan da ya fi zafi, domin a cikinsa ake aika takardun harajin gida na shekarar da ke farawa ranar 1 ga Afrilu. Duk adireshin da ya karkace, wayarmu ce za ta yi ƙara.

Wani lokaci ina cikin aikin sai in tuna yadda nake yi wa mai Keke Napep kwatancen gidanmu: bayan masallacin Juma'a, a wuce mai shayi, ƙofa mai koren fenti. Ba raini nake yi ba, kwatancen yana kai mutum, tunda kowa ya san kowa. Amma nan an yi ƙidaya a 2021, mu kuwa rabonmu da ita tun 2006, kuma Abba ya fi ni sanin unguwanni nawa suka tsiro a Kano tun daga lokacin.

Sai maganar gida. Kun san tsohon gini ne na jan bulo, irin masu jere da bango ɗaya tsakaninka da maƙwabci, ya haura shekara ɗari. Masu shi na da sun raba shi biyu, sama da ƙasa, mu kuma muna mayar da shi ɗaya. Kafin a taɓa bangon da muka haɗa da maƙwabta sai da muka ba su sanarwa a rubuce wata biyu kafin a fara, haka dokar 1996 ta ce. Da aka ɓare filastar falo sai ga danshi ya ci bango har gwiwa. Silin ɗin kicin kuma aka ce kada a kuskura a fasa sai an gwada, ko akwai asbestos, wani abu mai lalata huhu da aka hana aiki da shi a 1999. An gwada, akwai shi, sai da masu kaya na musamman suka zo suka cire. A nan kuɗin tikitinmu ya tafi, Umma, ba wani wuri ba.

Azumin nan gaba ɗaya a ɗakin sama muka yi shi. Risho ɗin lantarki mai kai ɗaya a kan akwati, tukwane a baho, ƙofa an rufe ta da leda, amma duk da haka in na ɗaga kofin kunu sai in ga zoben ƙura a inda ya zauna. Ranakun da nake aiki daga gida, kwamfuta na kan cinyata, mai wayarin yana ƙwala mini kira daga ƙasa wai ina nake son soket, ni kuma ina ƙoƙarin gane ko adireshin 14A da na Flat 1 a rajista gida ɗaya ne. Ya kan kashe wutar gidan ba sallama. Mai filasta kuwa alƙawarinsa irin na telan Sallah ne, kullum gobe. Abban yara shi ke kwasar baraguzai da daddare bayan ya dawo, bayansa har ya fara ƙorafi.

Abin da zai ba Abba dariya: gidanmu a rajista har yanzu gida biyu ne, takardar haraji biyu ta zo mana a watan nan. Ina ganin lambobin a gabana kullum, gyaran ba zai ci mini minti biyar ba, amma ba ni da ikon taɓa bayanan gidana da hannuna. Na cike fom kamar kowa, na bi layi, abokin aikina ne zai duba bayan masu duba gini sun sa hannu. Sannan wata hukuma daban ta sake yi wa gidan ajin haraji a cikin A zuwa H, wai bisa kuɗin da zai yi a kasuwa a 1991, shekarar da ko makaranta ban shiga ba. Abban yara ya ce ina amfanin kana da ɗan'uwa a fada. Na ce masa ran da aka fara gyara wa na gida ta bayan fage, ran nan rajistar ta tashi daga abin dogaro. Bai gamsu ba, shi da ke biya.

Yau dai mun yi tuwon shinkafa da miyar taushe, da alayyahon kanti da kabewar da na samu a shagon 'yan Pakistan. Yara sun sa kayan da Umma ta aiko, rigar ƙaramar ta ɗan yi mata tsawo, na naɗe. Lallen ma ya kama sosai.

Na tura goron Sallah ta hannun Yaya, bai kai na bara ba, a yi haƙuri. A cire na Gwaggo da na Kawu tukuna, sauran a raba wa yara, auta kuma a faɗa masa na ga sakamakon jarrabawarsa, za mu yi magana. Magini ya ce ƙasa za ta kammala kafin Babbar Sallah. Ban riƙe maganarsa da hannu biyu ba, amma ɗakin da ke kusa da banɗaki na ƙasa naku ne, don kada Abba ya sha hawan bene. Ku fara duba fasfo ɗinku, in ya kusa ƙarewa Yaya ya raka ku a sabunta.

A gaishe da mutanen gida da maƙwabta baki ɗaya. A sa mu a addu'a.

'Yarku,
Maman yara